Riba ta hau, farashi ya faɗi, aka ɗora wa laftof laifi

Wata Talata cikin watan Maris, ana tsakiyar zafin nan na Gombe da fanka ma iska mai ɗumi take hurawa, wani matashi ma'aikacin gwamnati ya shigo shagona a Jekadafari da laftof a hammata. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba ya dire ta a kan tebur.

"Malam, wannan abar ta ja mini asara. A duba ta, in ba ta gyaruwa a samo mini Core i7."

Na miƙa masa ruwan sanyi na ce ya zauna tukuna. Ashe hannun jarin wani kamfani ya saya ta manhajar dillali, kwana uku kafin kamfanin ya fitar da rahotonsa na shekara, saboda a zaurensu na WhatsApp kowa na rantsuwa ribar bana ba a taɓa ganin irinta ba. Rahoto ya fito, riba kuwa ta ƙaru kamar yadda aka faɗa, amma farashi sai ya yi ƙasa. Ya tashi sayarwa, kwamfuta ta tsaya tana juya ɗan zoben nan nata. Kafin shafin ya buɗe, in ji shi, an riga an tashi kasuwa.

Da na buɗe na'urar na tarar tana da nata laifin, zan kuma zo kansa. Amma ba ita ta ci kuɗinsa ba, an bar jaki ne ana dukan taiki. Abin da ya ja hankalina shi ne kuskure iri ɗaya ya yi a wurare biyu. A kasuwa ya kalli babban adadin da aka rubuta a kanun labari, a kwamfuta kuma yana shirin sayen babban sunan da aka manna a jikin murfi.

Mu fara da kasuwar, don a can kuɗin suka tafi.

Duk wanda ya taɓa zama da 'yan kasuwar Tudun Hatsi ya san farashin masara ba ya jiran ranar girbi. Da zarar damina ta kankama, an ga yabanya ta yi kyau a wajen Dukku da Kumo da Bajoga, masu ajiya a sito sun fara fito da ta bara, farashi ya fara sauka alhali ko zangarniya ɗaya ba a karya ba. Ranar da sabuwar masara ta iso, labarin ya tsufa. Abin da zai motsa kasuwa a ranar shi ne a ga amfanin ya fi yadda aka zata, ko kuma ya gaza.

Haka kasuwar hannun jari take, ta Legas da ta New York duka. Farashin da ka gani yau yana ɗauke da zaton da mutane suke yi wa gobe. Kamfanonin da ke juya kuɗin fansho da manyan dillalai suna da ma'aikatan da aikinsu kenan, su ƙiyasta abin da kamfani zai samu tun watanni kafin ya faɗa, kuma sun riga sun saya a kan wannan ƙiyasin. Idan an sa ran riba za ta ƙaru da kashi 40 cikin ɗari sai ta ƙaru da 25, a idon kasuwa kamfanin ya gaza, ko da bai taɓa samun irin wannan ribar ba tun kafuwarsa. Idan an sa ran asarar biliyan 50 sai aka ga ta biliyan 20, farashi na iya tashi a kan rahoton asara. Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne mutum ya tambayi "an ci riba?" bai tambayi "me aka zata za a ci?" ba.

Kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya ba da rahoto a farkon Fabrairun 2022 cewa ya ci ribar sama da dala biliyan 10 cikin wata uku. Washegari, 3 ga wata, hannun jarinsa ya faɗi da kashi 26 cikin ɗari, darajar kamfanin ta zube da fiye da dala biliyan 230 a wuni guda. Dalili kuwa, a karon farko adadin masu shiga Facebook kullum ya ɗan ragu, hasashen da kamfanin ya bayar na watanni masu zuwa kuma bai kai yadda ake jira ba. A Agustan 2024 Nvidia, kamfanin da ke ƙera kayan cikin kwamfuta, ya ce cinikinsa ya kai dala biliyan 30 a wata uku, fiye da ninki biyu na bara, amma da gari ya waye farashi ya sauka da wajen kashi 6. Mutane sun riga sun saba Nvidia ya ba su mamaki, wannan karon mamakin bai ishe su ba.

Gyaran ba wuya gare shi ba, sai dai yana son haƙuri. Kafin rahoto, duba yadda farashin ya yi tafiya cikin wata biyu ko uku da suka wuce. In ka ga ya riga ya hau sosai, to albishir ɗin da kake jira an riga an biya kuɗinsa, waɗanda suka shiga da wuri kuma ranar rahoton suke jira su sauke kaya a kan sababbin shiga. Labarin da ya kai zauren WhatsApp na unguwa ya biyo ta hannu goma kafin ya iso ka, sayayya a kansa ihu ne bayan hari.

Sai kuma karanta rahoton kansa. Mafi yawanmu hoton shafi ɗaya muke gani wanda wani ya zagaye "riba bayan haraji" da jan layi. Kasuwar hannun jari ta Legas, wato NGX, tana wajabta wa kamfanoni su kawo rahoton kowane wata uku cikin kwana 30, na shekara kuma wanda masu binciken kuɗi suka tantance cikin kwana 90, duk kuma ana ɗora su a shafin kasuwar kyauta. Wanda ya buɗe cikakken rahoton zai ga abin da hoton ya ɓoye, wato daga ina ribar ta fito.

Shekarar 2023 ta koyar da wannan darasi da bulala. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, ta faɗi warwas. Bankunan da ke riƙe da kadarori na dala suka wayi gari da riba mai ban tsoro, ba don sun ƙara kwastomomi ba, sai don dalar da ke hannunsu ta koma naira mai yawa a takarda. Har sai da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da umarni a watan Satumba cewa kada a yi rabon riba da irin wannan kuɗin. A ɗaya gefen, MTN Nigeria, wanda cinikinsa ƙaruwa ya yi a shekarar, ya rubuta asarar naira biliyan 137, a 2024 kuma wajen biliyan 400, saboda wajibai na dala da ke wuyansa. Jama'a ba su daina sayen data ba ko na rana ɗaya. Da naira ta ɗan natsu, hukumar sadarwa kuma ta amince da ƙarin kuɗin kira da data a farkon 2025, kamfanin ya koma cin riba. Wanda ya ga kalmar asara ya tsere, da wanda ya ga ribar banki ya ɗauka haka za a yi ta yi duk shekara, kuskurensu ɗaya ne. Ribar da ta fito daga ainihin sana'ar kamfani daban, wadda ta faɗo daga canjin kuɗi ko sayar da wani fili daban, ta biyun ba ta dawowa baɗi.

A nan ne nake ba mutane misali da mai shagon unguwa. Littafinsa zai iya nuna ya yi cinikin dubu ɗari biyar a wata, amma in dubu ɗari uku bashi ne a hannun maƙwabta, ranar sarin kaya aljihunsa ba zai amsa ba. Kowane rahoto yana da shafin da ke nuna kuɗin da suka shigo hannu da gaske. In riba na hawa shekara bayan shekara amma wannan shafin ba ya motsi, bashin da kamfanin ke bin mutane kuma sai kumbura yake, ruwa ba ya tsami banza.

Akwai wasu ƙananan tarkuna da ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ka gwada watannin damina da na rani, musamman a kamfanin siminti, don gini yakan ja baya idan ruwa ya sauka. Gwada Yuli zuwa Satumba na bana da Yuli zuwa Satumba na bara. Kada kuma ƙarin ciniki ya ruɗe ka a shekarar tsada. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, saboda haka kamfanin da cinikinsa ya ƙaru da kashi 25 a irin wannan shekara, akwai yiwuwar buhunan da ya sayar raguwa suka yi. Sannan ka duba rabon kowane hannun jari ɗaya. A ce kamfani ya ci biliyan 100 yana da hannun jari biliyan 20, kowanne ya tashi da naira 5. Baɗi ya ci biliyan 120 amma ya sayar da sababbin hannayen jari sun zama biliyan 30, kowanne ya koma naira 4. Tuwon ya ƙaru, masu sa hannu a kwanon sun fi shi ƙaruwa. Wannan ya shafi bankuna sosai tun da Babban Banki ya umarce su a Maris 2024 su ƙara jari, manyan cikinsu har naira biliyan 500.

Wanda ya fi ba ni dariya, don ni ma na taɓa faɗa masa, shi ne farautar rabon riba. Mutum ya ji kamfani zai raba naira 4 a kan hannun jari mai naira 50, sai ya saya ana gobe za a rufe rajista, da niyyar ya karɓi huɗun ya sayar jibi. Abin da bai sani ba, da ranar cancanta ta wuce kasuwa da kanta take zare naira 4 ɗin daga farashi, a buɗe a 46. Huɗun ma ba za ta iso shi cikakkiya ba, ana cire harajin kashi 10, ya karɓi naira 3 da kwabo 60, ga ladan dillali na saye da na sayarwa. Ya sha wahala ya fito da giɓi.

Da yake ana maganar rabon riba, dattawanmu da yawa a Gombe da Bauchi suna da tsofaffin takardun hannun jari a ƙasan akwati, na kamfanin simintin Ashaka da na bankunan da aka yi ta tallatawa kafin faɗuwar kasuwa ta 2008. Shi Ashaka an cire shi daga jerin kamfanonin kasuwar tun 2017, lokacin yana ƙarƙashin kamfanin Lafarge Africa. In mahaifinka na da irin waɗannan takardu, a kai wa dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari, ya bincika, a cike fom ɗin da zai sa rabon riba ya riƙa faɗawa asusun banki kai tsaye. Wannan ya fi zaman jiran sirri daga zauren WhatsApp amfani nesa ba kusa ba.

Na tambayi baƙon nawa, "Ranka ya daɗe, da laftof ɗin ta buɗe nan take, wa za ka sayar wa?"

Ya yi shiru. A kasuwar Legas hannun jari ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana. Idan labari ya ɓaci, farashi yakan faɗa wannan iyakar, masu sayarwa su yi layi, mai saye ko ɗaya babu. Kwamfutar da ta fi kowace gudu a duniya ba za ta ƙirƙiro maka mai saye ba. Mai ƙaramin jari da ke zaune a Pantami ba zai tsere wa dillalin da ke zaune a Legas ba, kuma ba ya bukatar tseren. Abin da ke hannunsa shi ne ya rubuta farashin da ya yarda ya saya ko ya sayar a cikin odarsa, maimakon ya ce a yi masa a duk yadda kasuwa ta kama, ya kuma bar ƙurar ranar farko ta lafa. Tun 1968 wasu masana biyu, Ray Ball da Philip Brown, suka nuna cewa farashi yakan ci gaba da bin alƙiblar rahoto har bayan ranar fitarsa. Mai karatu a natse bai makara ba don ya kwana biyu.

To, ita kuma laftof ɗin.

Core i7 ɗin da yake nema, wato wani nau'in furosesa na kamfanin Intel (ɓangaren da ke yi wa kwamfuta lissafi), shi ne "riba bayan haraji" na kasuwar kwamfuta. Sunan kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka san zuriyarsa. Lambar da ke bin sunan ita ce shekarun haihuwa: i7-3520M zuriya ta uku ce, ta 2012, mai ƙwaƙwalwa biyu. Ita kuwa i5-8250U zuriya ta takwas ce, ta 2017, ƙwaƙwalwarta huɗu, kuma za ta bar waccan i7 ɗin a baya ko ƙurarta ba za ta gani ba. Masu sayar da na hannu sun san mutanenmu da son jin "seven", sai su ɗora kuɗi a kan tsohuwa. Ga wani dalilin kuma na duba zuriya: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zuriya ta takwas ta Intel yake farawa.

Tashi laftof ɗin i5 ce ta zuriya ta takwas, lafiyarta ƙalau. Na danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, shafin da ke nuna nauyin da kowane ɓangare ke ɗauka, ya buɗe, na juya masa allon. Furosesa tana aiki da ƙasa da rubu'in ƙarfinta, RAM, wato ma'ajiyar abin da ake kan aiki da shi, ta kusa cika, faifan ajiya kuwa ya manne a kashi 100 ba ya sauka. Wannan dubawar ta minti ɗaya ita ce mutane ba sa yi kafin su kashe kuɗi. Kwamfuta kamar ayarin motoci ne a hanyar da ba a iya wuce juna, tafiyar kowa tana hannun wadda ta fi nauyi. Duk ɓangaren da ka ga ya cika yayin da sauran ke hutawa, shi ne tirelar da ta tare hanya.

A yawancin na'urorin da ake kawo mini, tirelar ita ce tsohon faifai mai juyawa, HDD. Faranti ne na gaske a ciki yana juyi sau 5,400 a minti, da ɗan hannu da ke bin sa yana neman bayanai, abin da yake iya kawowa bai wuce megabayit 100 da ɗoriya a daƙiƙa ba. Sabon nau'in faifai kuwa, SSD, ba shi da abin da ke motsi, na gama-gari yana kai 500, nau'in NVMe kuma dubbai. Inda ya fi nuna bambanci ma shi ne wajen tsinto ƙananan fayiloli barkatai, wanda shi ne aikin da Windows ke yi tun daga kunnawa. Amma sai ka ga mutum ya zaɓi HDD mai terabayit 1 ya bar SSD mai gigabayit 256, don wancan adadin ya fi girma. Girman sito daban, faɗin ƙofarsa daban.

RAM kuma ita ce teburin aiki. Gigabayit 4 ita ce mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, kuma mafi ƙaranci ba ya nufin isasshe. Buɗe Chrome da shafi goma sha biyar, da WhatsApp, da rahoton kamfani mai shafi ɗari, tebur ya cika, sai kwamfuta ta koma ajiye ragowar a faifai, faifan da dama shi ne gurgun. Takwas ta wadatar da aikin ofis da karatu. Sai dai kada a wuce gona da iri: in kana da 8 kuma ba ka taɓa cinye 6 ba, ƙara ta zuwa 16 ba zai ƙara maka gudun komai ba. A kuma duba kafin a saya, don wasu siraran laftof an like RAM ɗinsu a jikin allo, ba ta ƙaruwa.

Abin da littattafan Turawa ba sa ba shi muhimmanci kamar yadda ya kamata a wurinmu shi ne zafi da ƙura. Furosesa in ta doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Yanzu haɗa ƙurar hunturu ta wata uku da ta toshe fanka, da zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, da ɗabi'ar ɗora laftof a kan katifa ko darduma inda ramukan iskarta ke ƙasa. Alamar ita ce na'ura ta fara aiki garau da safe, bayan rabin awa ta fara jan ƙafa, fanka na kuka kamar injin markaɗe. Da na buɗe ta baƙona, abin da na ciro daga bakin fankar ya yi kama da audugar katifa. A buɗe a share sau ɗaya a shekara bayan hunturu, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, a riƙa ɗora ta a kan tebur ko faranti.

Caja ma na da hannu. Wasu laftof, musamman Dell, suna tantance cajar da aka sa musu ta siririn tsinken da ke tsakiyar bakinta. In ba su gane ta ba, ko ƙarfinta bai kai ba, sai su ƙi cajin batir su kuma rage gudu. Mutum ya sayi caja mai araha ya dawo yana cewa kwamfuta ta tsufa. Haka in wuta ta ɗauke aka koma kan batir, tsarin tattalin wuta yakan ja wa na'urar linzami, wannan kuma saiti ne da ake canzawa.

Ta ɓangaren manhaja, kurakuran ba su da yawa amma kullum su ne. Riga-kafin ƙwayar cuta biyu ko uku a na'ura ɗaya, kowanne na binciken ɗan'uwansa, alhali wanda ya zo da Windows ya isa. Manhajojin "ƙara gudu" da "share datti" waɗanda su kansu ne dattin. Manhajar sata da aka kwafo daga filashin wani, wadda sau da yawa takan zo da baƙon da ba a gayyata ba, kuma a na'urar da kake shiga asusun dillalinka da na banki wannan ya wuce maganar gudu. Sai tarin abubuwan da ke tashi da kansu da an kunna, waɗanda ake kashewa a sashen Startup na Task Manager ɗin nan. Tashi goma sha ɗaya na samu, biyu kawai yake amfani da su.

Wani lokacin kuma kwamfutar ba ta da laifi ko kaɗan. In Word da Excel na buɗewa nan da nan amma shafin intanet na jan jiki, matsalar sabis ce. Gwada layin wani kamfani, ko ka matsar da wayar da kake jona wa kusa da taga. A kuma lura, megabit da kamfanonin waya ke tallatawa ba megabayit ba ne, takwas na farko ke ba da ɗaya na biyu. Sannan ranar da babban rahoto ya fito, manhajar dillali kanta takan cushe da jama'a, wannan kuwa ko sabuwar na'ura ka ɓare daga kwali sai ka jira.

Ban sayar masa da i7 ba, duk da ina da guda biyu a kanta da na so su tafi. Na sa masa SSD mai 256, na ƙara RAM ta zama 8, na share fanka, na sauke riga-kafi ɗaya daga cikin biyun da ke faɗa da juna. Da na danna maɓalli, kafin ya gama gyara zaman hularsa Windows ya buɗe. Ya ce, "Malam, anya ita ce kuwa?"

Tsohon faifan na sa masa a ɗan gida mai igiyar USB ya riƙa ajiye hotuna. Kafin ya tafi muka sauke cikakken rahoton kamfanin nan, shafi ɗari da wani abu, ya ce zai fara da shafin kuɗin da suka shigo hannu in an sauko daga Isha'i. Hannun jarin dai har lokacin bai sayar ba.